Barin Gidan Bashi a Amurka: Yaushe Gida Ke Fita Daga Hannun Mai Shi?

Idan biyan bashin gida ya gagari mutum a Amurka, wasiƙu ne ke fara sallama, kowace ta fi ta baya zafi. Da yawa daga masu karɓarsu, musamman baƙin da ba su gama sanin ƙasar ba, sukan ɗauka magana ta ƙare: banki ya karɓe abinsa, saura a tattara komatsai a fice kafin a zo a yi wa mutum watsi da kaya a gaban maƙwabta. Wasu har sukan zuba makullai a ambulan su aika wa bankin, a zatonsu sun sauke nauyi ke nan. A dokokin jihohin Amurka kuwa gida yana nan mallakin wanda ya ci bashin har ranar da aka sauya sunan da ke kan takardar mallaka. Kafin wannan rana yana da damar zama a ciki, kuma duk ɗawainiyar gidan tana wuyansa, ko yana ciki ko ya tashi.

Ma'anar kalmomin

Abin da Amurkawa ke kira mogeji bashi ne da ake ci a sayi gida, a kuma jinginar da gidan kansa, galibi a biya cikin shekara 30. Ya bambanta da jinginar da muka sani a ƙasar Hausa, inda mai ba da kuɗi ke riƙe gonar yana nomawa har a fanshe ta. A can wanda ya ci bashin ne ke riƙe da gida, sunansa ne a rajistar gunduma, banki kuwa haƙƙin sayarwa kawai yake da shi idan an kasa biya. Daga wannan bambanci ne ruɗanin ke tasowa ga mutanenmu mazauna wurare irin Bronx da Houston. Hatta masu sayen gida ta tsarin Musulunci na musharaka ko murabaha, takardunsu ana yi musu rajista ne ƙarƙashin dokar jingina ta jiharsu, don haka maganar ta shafe su.

Fokuloja ita ce hanyar da doka ta tanadar wa mai ba da bashi ya sa a yi gwanjon gidan don ya karɓi kuɗinsa. Za mu kira ta ƙwace gida. Shot-sel kuwa ciniki ne da mai gida ke yi da kansa, ya sayar a kan kuɗin da bai kai bashin ba, da amincewar banki. Misali, ana bin mutum dala 300,000, kasuwa ta ce gidan bai wuce 240,000 ba, banki ya yarda ya karɓi abin da aka samu ya saki takarda. Za mu kira shi cinikin giɓi, saboda giɓin dala 60,000 da ya bari. Akwai hanya ta uku, wato mai gida ya miƙa wa banki takardar mallaka bisa yarjejeniya, ba tare da gwanjo ba. Aika makulli ta gidan waya ba ya cikin ukun nan, domin ba a tilasta wa banki karɓar gidan da bai ce yana so ba.

Yadda abin ya samo asali

Tambayar a zauna ko a tashi ta zama ruwan dare ne bayan rushewar kasuwar gidaje. Daga 2006 zuwa 2012 farashin gidaje a faɗin ƙasar ya faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, a jihohin Nebada da Arizona da Fulorida ma faɗuwar ta kusa rabi ko ta haura. A ƙarshen 2009 kimanin gidaje miliyan 11 bashin da ke kansu ya fi darajarsu. A 2010 kaɗai gidaje kusan miliyan 2.9 suka sami takardar ƙwace iri ɗaya ko wani, bankuna suka karɓe sama da miliyan ɗaya.

A wannan shekarar ne kuma aka gano ma'aikatan manyan bankuna suna rattaba hannu kan dubban takardun rantsuwa ba tare da karanta su ba. Badaƙalar ta kai ga sulhun dala biliyan 25 a watan Fabrairun 2012 tsakanin jihohi 49 da gwamnatin tarayya da manyan bankuna biyar. Yawancin kariyar da mai gida ke da ita a yau daga wannan zamani ta fito.

Tazarar da ke tsakanin wasiƙa da gwanjo

Tun daga Janairun 2014, ƙa'idar hukumar kare masu mu'amalar kuɗi ta tarayya, CFPB, ta hana kamfanin da ke karɓar biyan bashin fara ƙwace gida sai mai bashi ya wuce kwana 120 bai biya ba. Idan kuma ya miƙa cikakkiyar takardar neman sassauci fiye da kwana 37 kafin ranar gwanjo, ba za a sayar ba sai an duba buƙatarsa an ba shi amsa.

Daga nan sai dokar jiha. A Niyok da Niyu Jasi da Fulorida da Ilinoi dole banki ya shigar da ƙara kotu. A Niyok sai an aiko gargaɗin kwana 90 kafin ƙarar, kuma a shekarun rikicin matsakaicin lokacin kammala ƙwace a jihar ya haura kwana 1,000. A Kalifoniya da Tekzas da Jojiya ba a buƙatar alƙali. Tekzas na ba da kwana 20 a biya abin da aka makara, sai sanarwar kwana 21, sannan gwanjo ranar Talatar farko ta wata. Mai gida a Tekzas ba shi da lokacin ɓatawa, na Niyok kuwa yana iya shekara biyu ko uku a gidansa shari'a na tafiya. Shawarar da ta dace da ɗaya tana iya cutar da ɗayan, shi ya sa labarin abin da ya faru da wani ɗan'uwa a wata jiha ba abin dogaro ba ne.

Ko bayan gwanjo, sabon mai gida ba shi da ikon fito da kayan kowa da hannunsa. Sai ya ba da sanarwa, ya je kotu, jami'in sherif na gunduma ya zartar da umarnin.

Abin da mai tashi da wuri ke rasawa

Na farko shi ne muhallin da ba a biyan haya. Wanda ya tashi wata takwas kafin gwanjo ya ɗora wa kansa hayar wata takwas, a daidai lokacin da ya fi buƙatar tara kuɗin kama sabon wuri. Wannan kowa na iya lissafa shi.

Wanda ba a cika sani ba shi ne yadda doka ke bambanta gidan da mai shi ke ciki da wanda aka bari. Kariyar CFPB da aka ambata an gina ta ne kan gidan da yake mazaunin mutum na asali, wanda ya koma wani wuri dindindin yana iya rasa ta. Zaman sulhu na dole da kotunan Niyok ke shiryawa tsakanin banki da mai bashi na mazaunin gidan ne. Shirye-shiryen sake fasalin bashi, inda ake rage ruwa ko a tsawaita shekaru, da yawansu tambayar farko da suke yi ita ce ko kana zaune a gidan.

Sai wa'adin fansa. A Mishigan, bayan gwanjo tsohon mai gida yawanci yana da wata 6 ya biya ya fanshi gidansa, ko ya sayar da shi, yana zaune ciki duk tsawon lokacin. Idan aka tabbatar gidan yasasshe ne, wa'adin ya koma kwana 30. A Minesota wata 6 kan koma mako 5. Ilinoi da Ohayo da Niyok duk sun yi dokokin gaggauta ƙwace gidajen da aka yasar. Ma'ana, tashin da mutum ya yi don ya huta shi ke ba banki hujjar yanke masa lokaci.

Takardar jinginar da yawancin Amurkawa ke sa wa hannu, wadda manyan kamfanonin bashin gida Fannie Mae da Freddie Mac suka tsara, tana ba banki damar shiga gidan da aka yasar ya canza kuba, ya tsiyaye ruwan bututu, ya rufe tagogi da katako. Bankuna kan ba wasu kamfanoni kwangilar wannan aiki, su kuma ba koyaushe suke tantancewa ba. A 2013 babbar lauyar jihar Ilinoi, Lisa Madigan, ta kai ɗaya daga cikin manyansu ƙara bisa zargin kulle mutane waje alhali suna zaune a gidajensu, aka yi sulhu a 2015 kan dala miliyan ɗaya. A 2016 kotun ƙolin jihar Washinton ta yanke cewa irin wannan sharaɗi na canza kuba kafin kammala ƙwace ya saɓa dokar jihar. Wanda ya kwashe rabin kayansa ya bar rabi, ciyawa ta yi tsawo, wasiƙu suka cika akwati, shi ya fi kowa shiga wannan haɗari.

Inshora ma tana da nata sharaɗin. Yawancin takardun inshorar gida suna janye kariya daga ɓarnar 'yan ta'adi idan gida ya yi kwana 30 ko 60 babu kowa, kuma ba sa biyan ɓarnar bututun da sanyi ya fasa idan ba a bar ɗumi a kunne ba. Idan inshorar ta mutu, banki zai sayi tasa mai tsada, wadda shi kaɗai take karewa, ya ɗora kuɗin kan bashin. Idan yaron maƙwabta ya ji rauni a harabar, wanda sunansa ke kan takarda za a nema.

Gidajen da banki ya fasa karɓa

Mafi munin abin da ke samun mai tashi da wuri shi ne banki ya fara ƙwace, sannan ya janye. Yakan yi haka idan ya lissafa ya ga kuɗin lauya da haraji da gyara sun fi abin da gidan zai kawo. A shekarun rikicin ba a cika sanar da mai gida ba, ko kuma sanarwar ta tafi gidan da ya riga ya bari. Binciken ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin tarayya a 2010 ya nuna abin ya fi yawa a birane masu arhar gidaje kamar Ditroit da Shikago da Kilibilan. A 2013 kamfanin RealtyTrac ya ƙiyasta gidajen da masu su suka bari alhali ƙwacen bai kammala ba sun kai kimanin 300,000.

Irin waɗannan mutane sukan farga ne bayan shekaru, lokacin da sammaci ya iske su: harajin gida da ya taru, kuɗin ruwa da shara, tarar ciyawa, kuɗin ƙungiyar masu gidajen unguwa, wani lokaci har da kuɗin rushe ginin idan hukuma ta ga ya zama haɗari. An gudu gara an faɗa gidan zago. Niyok ta yi doka a 2016 da ta ɗora wa bankuna kula da yasassun gidaje tun kafin su mallake su, amma dokar ba ta cire sunan mai gida daga takarda ba, kuma ba kowace jiha ke da irinta ba.

Zama ko tashi a cinikin giɓi

Cinikin giɓi yana cin lokaci. Mai gida zai rubuta wasiƙar bayanin halin da ya shiga, ya haɗa takardun albashi da na banki da na haraji, dillali ya samo mai saye, sannan a jira amsar banki watanni. Idan akwai bashi na biyu a kan gidan, shi ma mai shi sai ya yarda. Mai saye yana iya gajiya ya tafi, a koma farko, kuma shirin gwanjo ba lallai ya tsaya ba don ana ciniki. Wanda ya kama haya ranar da aka sa hannu kan tayin farko ya yi gaggawa.

Dillalai sun rabu a nan. Wasu na ganin gidan da ba kowa ya fi sauƙin nunawa, ba sai an nemi izini ba. Wasu na cewa gidan da ake zaune ciki ya fi kyan gani, ba a sace masa wayoyin jan ƙarfe, kuma bai ba mai saye hujjar ƙara karya farashi. Abin da ya fi nauyi a ma'auni shi ne kuɗin ƙaura. Shirin HAFA na gwamnatin Obama, wanda ya fara a Afrilun 2010, yana ba mazaunin gida dala 3,000 idan ciniki ya kammala, daga baya aka ɗaga zuwa 10,000 a 2015, kafin shirin ya ƙare a ƙarshen 2016. Irin wannan tallafi da ya rage a yau, da abin da ake kira kuɗin makulli da banki ke bai wa mutum bayan gwanjo don ya fita lafiya ya bar gida a share, duk na wanda aka tarar a ciki ne.

Akwai kuma takardar rantsuwa da ake sa wa hannu cewa mai saye ba dangi ba ne, kuma babu yarjejeniyar ɓoye ta a mayar wa mai gida abinsa. Dabarar a sa ɗan'uwa ya saya a ci gaba da zama, wadda a wajenmu taimakon zumunci ce, a can zamba ce da ake gurfanar da mutum a kanta.

Ragowar bashi da haraji

Barin gida ba ya goge giɓi. A Fulorida da Niyok da jihohi da dama banki na iya neman kotu ta ba shi hukuncin bin ragowar kuɗin, har a riƙa yanka daga albashi. Kalifoniya ta hana hakan kan bashin da aka sayi gidan zama da shi, da kuma bayan gwanjon da ba a je kotu ba, sannan daga 2011 ta hana bayan cinikin giɓi. Arizona na da irin wannan kariya ga gidan iyali ɗaya ko biyu da filinsa bai wuce eka biyu da rabi ba. Inda babu irin dokar nan, layin da ya fi kowane muhimmanci a takardar amincewar banki shi ne wanda ya ce ya yafe ragowar. Sakin gida daban, yafe bashi daban.

Idan an yafe kuma, hukumar haraji ta IRS tana iya lissafa abin da aka yafe a matsayin kuɗin shiga. Wata doka ta 2007 ta ɗauke wannan haraji kan gidan zama na asali har dala miliyan 2, aka yi ta sabunta ta, sabuntawar ƙarshen 2020 ta rage adadin zuwa 750,000 ta kai ta ƙarshen 2025. Ban da ita akwai sassauci na dindindin ga wanda basussukansa suka fi dukiyarsa a lokacin yafewar.

Tabon ƙwace gida yana shekara 7 a rahoton tarihin bashin mutum. A ƙa'idar Fannie Mae, sai bayan shekara 7 zai sake samun bashin gida, amma wanda ya bi ta cinikin giɓi ko miƙa takarda shekara 4 zai jira. A tsarin bashin gida na gwamnati, wato FHA, jiran shekara 3 ne.

Muhawarar tafiya da gangan

Akwai masu halin biya da suka zaɓi tafiya saboda gidan ya zama asara. Brent White, malamin shari'a a Jami'ar Arizona, ya rubuta a 2009 cewa kunya da tsoro ne ke riƙe miliyoyin mutane a bashin da ba shi da amfani gare su, alhali yarjejeniyar da kanta ta faɗi hukuncin rashin biya, wato a karɓi gidan. Magoya bayansa suka nuna cewa manya haka suke yi. A Janairun 2010 kamfanonin Tishman Speyer da BlackRock suka sakar wa masu binsu rukunin gidajen Stuyvesant Town na Manhattan da suka saya dala biliyan 5.4. Ita kanta ƙungiyar bankunan bashin gida, wadda shugabanta na lokacin ke yi wa jama'a wa'azin cika alkawari, ta sayar da hedkwatarta ta Washinton a 2010 kan kusan rabin kuɗin da ta saya.

Ɗaya ɓangaren na cewa alkawari alkawari ne, kuma asarar ba ta tsaya kan banki ba. Binciken da masana Campbell da Giglio da Pathak suka yi a jihar Masacuset ya gano gidan da aka ƙwace yana sayuwa da ragin kusan kashi 27 cikin ɗari, kuma yana jan darajar na kusa da shi ƙasa da kimanin kashi ɗaya. Fannie Mae ta mayar da martani a 2010 da alwashin bin ragowar bashi kan masu tafiya da gangan inda doka ta yarda.

Mai karatun da ya tashi da sanin nauyin bashi a addini zai fi jin hujja ta biyu. Sai dai muhawarar ba ta shafi yawancin mutane ba, domin wanda aiki ya ƙwace masa ko ciwo ya kwantar da shi bai zaɓi komai ba. Kuma zaman da yake yi a gidansa har ƙarshen wa'adin da doka ta ba shi ba cin amana ba ne. Hasali ma banki da maƙwabta sun fi amfana da gidan da ake sharewa ana kunna wuta a ciki.

Idan tashin ya zama dole

Wani aiki ne ke kiransa wata jiha, wani aure ne ya mutu, wani kuma yana so ya kama haya tun kafin tarihin bashinsa ya lalace, tunda masu gidajen haya suna dubawa. Waɗannan dalilai ne na gaskiya, kuma sauyin wurin aiki mai nisa yana cikin uzurin da ake karɓa a cinikin giɓi. Abin da ake buƙata shi ne tashin ya zama sananne. A rubuta wa kamfanin da ke karɓar biya da kotu sabon adireshi, a bayyana cewa ba a yasar da gidan ba. A faɗa wa kamfanin inshora. A bar ɗumi a lokacin sanyi, a sa mai yanke ciyawa, a ɗauki hotunan kowane ɗaki ranar fita. Kada a cire abin da ke manne da gini, irin tukunyar ɗumama gida ko kabad ɗin kicin, domin suna cikin abin da aka jinginar. Wanda ya sa ɗan haya ya gaya masa halin da ake ciki. Dokar tarayya ta 2009, wadda aka mayar ta dindindin a 2018, ta ba ɗan haya na gaskiya aƙalla sanarwar kwana 90 bayan gwanjo.

Yanayin yau ma ya bambanta da na 2010. Farashin gidaje ya hau sosai tun 2020, don haka da yawa daga masu makara a biya gidansu ya fi bashinsu daraja. Irin wannan mutum ba ya buƙatar cinikin giɓi, yana iya sayarwa a kasuwa ya biya banki ya riƙe sauran. Ko gwanjo aka yi aka sami rara, bayan an sallami masu bin bashi rarar tasa ce, kuma wanda ya ɓace bai bar adireshi ba yakan bar ta a hannun kotu ko a hannun 'yan damfara.

Masu ba da shawara da ma'aikatar gidaje ta HUD ta amince da su kyauta suke aikin hana ƙwace gida, kuma dokar tarayya ta haramta wa kamfanonin da ke alkawarin ceto gida karɓar kuɗi kafin su kawo tayin banki a rubuce. Duk wanda wasiƙar farko ta iske, ya nemi ɗaya daga cikin masu shawarar nan ko lauyan jiharsa kafin ya ɗaure kaya. Wanda kuma ya riga ya tashi, ya je ofishin rajistar gundumarsa ya duba ko sunansa na nan kan takardar gidan.